Zomaye Masu Shuɗin Kunne

Ran Litinin da hantsi aka aika a kira Ba'ana. Kafin ya iso, rabin mutanen layin sun riga sun taru a ƙofar gidan gwajin magunguna da ke ƙarshen Maisandari. Kowa na magana, kuma bakin kowa wuri ɗaya ya nufa: sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan katanga.

Ba'ana tsohon mai bin sawu ne. Kafin daji ya gagari shiga, daga Mafa har Dikwa in an kore wa mutum shanu shi ake nema. Tun da Bama ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya bara, ya dawo cikin gari yana bin sawun tumaki da janaretocin da aka sace. Amma ba a taɓa kiransa a kan zomaye ba.

Dakta Rhoda, mai kula da gidan, ta tare shi a bakin ƙofa. 'Yar Biu ce, doguwa, idanunta sun yi ja.

"Wushe, Baba," ta gaishe shi da Kanuri. "Shigo ka gani da idonka."

Ɗakin na warin ciyawa da fitsarin zomo. Keji ne a jere layi uku. Layi biyu cike da fararen zomaye, wasu an ɗiga musu jan fenti a kunne, wasu kore. Layi na uku kuwa wayam, ƙofofinsa a buɗe. An ɓalle tagar baya.

"Me kike yi da su, Dakta?"

"Ka san ciwon sanyin nan da ke damun mata, da farin abin da ke fesowa a bakin jarirai kamar kindirmo? Ƙwayar cuta ɗaya ce, dangin funfuna. Ta cika sansanonin nan, maganin asibiti kuma ba ya isa. Akwai wata mata, Ya Kellu, ta zo da ɓawon wata bishiya daga bayan Bama, ta ce da shi suke warkewa a can. Ba zan ba wa mutum abin da ban gwada ba. Shi ne muka sa wa zomayen cutar. Masu jan kunne ba a ba su komai. Masu kore muna ba su maganin asibiti. Masu shuɗi su ne ke shan ruwan ɓawon."

"Waɗanda aka ɗauke ke nan."

"Su kaɗai. Kuma suna warkewa, Baba. Tas suke warkewa."

Wani saurayi fari mai gilashi yana tsaye gefe, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ta ce ɗalibinta ne, Malam Taufiq, shi ke dafa ɓawon ya tace ya ba su.

"Digirina ne a cikin kejin nan," in ji Taufiq. "Shekara da shekaru ina fama, sau biyu rikici yana tsayar da ni."

A tsakar gida Kwamanda Dzarma ke jira, shugaban 'yan gora masu sintirin unguwa, da sandarsa a kafaɗa.

"Baba, ai da ba a wahalar da kai ba. Mun riga mun kama shi."

"Wa?"

"Sa'id, mijin Kellu. Shi ke kawo wa zomayen ciyawa, ya san ko'ina a gidan nan. Ga sawun ƙafa ba takalmi daga taga har katanga. Wa ke yawo ba takalmi in ba su ba?" Ya rage murya. "Kuma ɗakin nan akwai sinadarai. Wa ya san abin da ya shigo nema? Mutanen nan ba mu san wanda ke cikinsu ba. Gobe bayan la'asar zan miƙa shi gaba."

Ba'ana ya dubi Dakta Rhoda. Ta kau da kai. A shekarun nan kowa ya san abin da "gaba" ke nufi, kuma kowa ya san waɗanda aka miƙa ba safai suke dawowa ba.

"Bari in ga ƙasa tukuna," ya ce.

An yi ruwa ran Asabar, yashi ya riƙe sawu sosai. 'Yan kallo sun tattake mafi yawa, amma a gindin katanga ya sami guda biyu lafiyayyu. Ya karɓi daro a hannun mai gadi ya kife a kan ɗaya, ya ɗora dutse. Daga nan ya zagaya bayan katanga. Sawun ya sauka cikin karangiya, ya bi gefen sansanin, ya hau kwalta ya ɓace. Ba'ana ya tsaya yana kallon rumfunan leda. Gaskiya shi ma a lokacin zuciyarsa can ta karkata.

*

Pindar mai gadi dattijo ne ɗan Askira. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Ko taku ɗaya ban yi daga ƙofar nan ba jiya."

"To da wane kunne ka kasa jin ana ɓalle taga?"

"Iska ake yi."

"Jiya ba a yi iska ba, Pindar. Kuma ga takalmin fita can a ƙarƙashin bencinka, da jar laka a jiki. Babu jar laka a layin nan."

Pindar ya share gumi da hularsa. Ya leƙa ya ga ba kowa kusa.

"Coci na je. Don Allah kada Dakta ta ji. Ka san yanzu sai an caje kowa a ƙofa, layi ya yi tsawo, ban dawo ba sai da rana ta take. Amma na kulle get."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Dakta, da Malam Taufiq. Amma me ya kawo maganar makulli? Ai ta taga aka shiga."

Ba'ana ya sake duban takalmin. Mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya yana iya yin ta biyu, kuma Pindar ya fi kowa sanin lokacin da gidan ke zama ba kowa. Ya ajiye shi a ransa.

*

A sansanin, mata suka riƙa janye yara daga hanyarsa. Ya sami Ya Kellu zaune a bakin rumfarta, tukunya a gefe ba wuta. Ya gaishe ta da Kanuri, ta amsa a taƙaice.

"Su suka aiko ka?"

"Ni na aiko kaina, Ya Kellu. Ina mijinki yake jiya da safe?"

"Yankan ciyawa. Ciyawar zomayen nan da aka ce ya sata." Ta yi tsaki. "Ba'ana, mutumin da ya baro garken awaki ya gudo, shi zai saci zomon da ya ga an cusa wa cuta da idonsa? Ya ci ko ya sayar? Mu da muke gudun ciwon nan?"

"Wataƙila ba nama aka nema ba. Wataƙila maganin ne."

"Wane magani? Ni na kawo shi a kaina. Ɗauri ɗaya ne, kuma ya ƙare tun kafin azumi. Na gaya wa Malam Taufiq babu sauran ko ɓantare, bishiyar kuma tana inda ba mai zuwa ya dawo. Ya ce in bar masa, zai samo."

"Ya samo?"

"Ni dai shara nake yi a gidan. Ban ga ya daina dafawa ba."

Ba'ana ya juya maganar a ransa, bai ga inda ta haɗu da tagar da aka ɓalle ba. Da zai tafi ta kira shi.

"Dakta tana tsaye aka ja shi. Ni na ba ta maganin kakata, ban karɓi komai ba. Tana tsaye, Ba'ana."

*

Washegari da safe Taufiq ya same shi a bakin get.

"Baba, na ji labari. An ce jiya an ga wani yana tallan fararen zomaye a Kasuwar Kwastam."

Ba'ana ya hau keke napep, aka tsayar da su a shinge bayan shinge, kowa ya sauka ya ɗaga riga. Ya ratsa layin masu kaji har ya sami kwandon fararen zomaye. Ba namiji ba ne mai su, wata mata ce mai suna Hassana. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba kunne, yana shinshinawa ko an goge fenti da kananzir. Babu.

"Malam, saye za ka yi ko duba lafiyarsu?" in ji Hassana. "Waɗannan tun kakanninsu a gidana aka haife su a Lamisula. Ka tambayi duk layin nan."

Duk layin kuwa suka shaida. Rana ta riga ta yi sama, rabin yini ya tafi a banza.

A hanyar dawowa ya biya ta shagon da 'yan gora suka kulle Sa'id. Suka bar shi ya leƙa. Sa'id na zaune a ƙasa, ido ɗaya a kumbure, ya miƙe ƙafafu. Ba'ana ya yi niyyar yi masa tambaya, sai idonsa ya sauka a kan ƙafafun. Faffaɗa ne kamar faranti, yatsu a warwatse, dunduniya ta tsattsage da faso. Ƙafar da ta taka daji daga Bama har Maiduguri.

Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ji kunya ta kama shi, don jiya ya duba inda sawu ya nufa, bai duba sawun kansa da kyau ba.

Ya koma gidan gwajin da sauri, ya ɗaga daron, ya durƙusa.

*

Dakta Rhoda na ofis ita kaɗai. Ya shiga ya tura ƙofa.

"Dakta, me aka shirya yi wa masu shuɗin kunnen nan a makon nan?"

"Gobe za mu ɗebi jininsu a aika Zariya, a duba abin da ɓawon ke yi a cikin jiki."

"Wa ya sani?"

"Ni da Taufiq."

"Kin san ɓawon Ya Kellu ya ƙare tun kafin azumi?"

Ta cire gilashinta a hankali. "Wa ya ce?"

"Ita."

"Ba zai yiwu ba. Bayan sallah ne ma suka fara warkewa sosai. In ɓawon ya ƙare, to me suke..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta nufi kabad ɗin magunguna, ta ɗauko wata farar roba, ta girgiza ta kusa da kunne. Ta buɗe ta juye a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan suka faɗo.

"Maganin asibiti ne, na masu koren kunne," ta ce. "Ya kamata ya kai mu ƙarshen shekara."

Ta zauna da robar a hannu. Ba'ana ya ce, "Ni ban san magani ba, wannan ɓangarenki ne. Ni ƙasa na sani. Ki tara mini kowa."

*

Ana kiran la'asar suka hallara a gindin darbejiya: Dakta Rhoda, Taufiq, Pindar, Ya Kellu, da Kwamanda Dzarma riƙe da Sa'id. 'Yan unguwa suka ɗare katanga suna leƙe.

Ba'ana ya share yashi da tsintsiya, ya yayyafa ruwa da buta.

"Kowa zai cire takalmi ya taka. Ni zan fara."

Ya taka ya wuce. Kwamanda ya yi dariya, ya ce har da shi? Ba'ana ya ce har da shi. Pindar ya taka yana addu'a. Dakta ta taka, Ya Kellu ta taka, aka tura Sa'id ya taka.

"Malam Taufiq."

"Baba, ni da aka yi wa sata?"

"Ai Dakta ma ita aka yi wa."

Taufiq ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya daɗe yana cire safa. Ya taka yana ɗage ƙafar hagu.

Ba'ana ya kira Kwamanda, ya ɗaga daron.

"Zo ka duba. Wannan shi ne sawun da ka kama mutum a kansa. Dubi yatsun, a matse suke wuri ɗaya, babban ya karkata ciki. Takalmi ne ke yi wa ƙafa haka. Dubi dunduniya, sumul, ba faso ko ɗaya. Yanzu je ka dubi na Sa'id."

Kwamanda ya je ya dawo, dariyar ta bar fuskarsa.

"A bayan katanga kuma," in ji Ba'ana, "mai sawun nan ya faɗa cikin karangiya, ya riƙa tafiya da kan yatsu kamar mai taka garwashi. Mutumin sansani ba ya jin karangiya. Sannan ka dubi zurfinsa. Wanda ya saɓa buhu cike da zomaye ƙafarsa za ta nutse. Wannan ba ya ɗauke da komai ya fita. Zomayen ba su taɓa tsallake katangar nan ba."

"To suna ina?"

Ba'ana ya nuna kusurwar gidan, inda ramin ƙona shara yake. Ƙudaje sun yi baƙi a kansa.

"Dakta, an jefa mushe a ramin can kwanan nan?"

"A'a."

Pindar ya ɗauko shebur. Bai yi nisa da tono ba, wani farin kunne ya fito daga cikin jiƙaƙƙiyar toka, da ɗigon shuɗi a kai. Mutanen kan katanga suka ɗauki salati.

Ba'ana ya tsaya tsakanin sawun da ke gindin katanga da na Taufiq. Ba sai an faɗa ba, ko makaho ya shafa zai gane ƙafa ɗaya ce.

"Ɗaga ƙafar hagun mu gani, ɗana."

Taufiq bai ɗaga ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, tafin ƙafar ya bayyana da kansa, duk jajayen ɗigo inda ƙaya ta karye a ciki.

"Ma," ya ce, bai iya kallon Dakta ba. "Ɓawon ya ƙare. Na je kasuwa na sayo wani mai kama da shi, bai yi komai ba, suka fara rama. Na ce in na gaya miki za a rufe aikin, in koma farko karo na uku. Sai na fara niƙa musu ƙwayar a cikin ruwan. Na ce na ɗan lokaci ne, kafin hanya ta buɗe. Da kika ce za a kai jini Zariya, na san za a gani."

"Na riga na gaya wa matan sansanin nan cewa maganinsu yana aiki," in ji Dakta Rhoda. Muryarta ba ta tashi ba. "Da maganar jinin nan ba ta taso ba, ɓawon kasuwa za mu ɗura wa jarirai."

"Allura na yi musu, ba su sha wahala ba. Wallahi ban yi zaton za a kama kowa ba."

"Da makulli ka shiga," in ji Ba'ana. "Ka ɓalle taga daga baya, ka cire takalmi, ka bi gefen sansani. Ka cire takalmin ne don a ce wa?"

Taufiq ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Kan katanga ya kaure. Waɗanda jiya ke cewa a kori sansanin, su ne yanzu ke ihun a fito da shi. Kwamanda Dzarma ya saki Sa'id, ya juya sandarsa, fuskarsa ta yi baƙi don an sa shi kunya a gaban unguwa.

"Tashi. Kai za ka tafi a madadinsa."

Dakta Rhoda ta shiga tsakani, ƙafarta ba takalmi, ta buɗe hannuwa.

"Ba inda za shi. Ɗalibina ne, laifin makaranta ya yi, makaranta za ta hukunta shi. Ya rasa digirinsa, ya rasa aikinsa. Amma ba wanda za a miƙa gaba saboda zomaye. Sai dai ka fara da ni."

Suka yi kallon kallo. Kwamanda ya dubi Ba'ana, Ba'ana ya girgiza kai a hankali. Can sai sandar ta sauka.

Ya Kellu ba ta kalli ko ɗaya cikinsu ba. Ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa da sauran ruwan butar, tana goge wa mijinta ido. Dakta ta matso kusa da ita.

"Ya Kellu, ki yi haƙuri. Ɓawonki bai faɗi ba, ba a dai gama gwada shi ba ne. In Allah ya buɗe hanya, zan sake daga farko, ni da hannuna. Ina so ki dawo."

Ya Kellu ta ɗaga Sa'id, ta rataya hannunsa a kafaɗarta. Sai a lokacin ta ɗago.

"Na ga yadda kika tsaya yanzu, Dakta. Ashe kin iya."

Ta ja mijinta suka nufi get. Mutanen da ke bakin ƙofa suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da su. Dakta Rhoda ta tsaya a inda take, ta bi su da kallo.

Ba'ana ya sa takalminsa. Sa'id yana tangaɗi, nauyinsa ya fi ƙarfin matar. Tsohon ya bi bayansu ya kama ɗaya hannun, suka fita da shi a tsakiya.